Tambaya kan Pablo Fanque, baƙar fata mai gidan wasan dawaki a Ingila, da iyalinshi

ɗan_Mokoyo:

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa ya wuni lahiya. Ina da tambaya ga masu ilimin tarihi da ke nan, don abin ya tsaya mini a rai sosai. Ƙanena da ke lise, wato makarantar sakandare, ne anka ba su aikin gida kan baƙaƙen fata da sunka yi suna a Turai tun kahin Turawa su shigo ƙasarmu, sai ya nuna mini hoton wata tsohuwar takardar talla ta 1843 a wayarshi, ta gidan sirk, wato wurin da ake wasa da dawaki da tahiya bisa igiya da alkahura mutane na biyan kuɗi suna kallo. Sunan mai gidan Pablo Fanque, kuma baƙin mutum ne kamar ni da ku, ba wai ɗan wasa ne kawai da anka ɗauka aiki ba, a'a shi ne mai gidan ɗungurungum, dawakin nashi ne, Turawa na aiki ƙarƙashinshi shina biyansu.

Tambayata ta farko, ta yaya haka ta yiwu a wancan zamani da ake cikin bauta? Ni dai abin da munka koya a lakwal shi ne lokacin baƙar fata ko dai shina gonar rake ko gonar auduga ana dukanshi.

Ta biyu kuma ita ce ta hi damuna. Mun karanta cewa matarshi ta rasu a wurin wasan nan, gini ya rubza mata alhali ɗansu na bisa igiya, kuma ba a yi wata huɗu ba ya sake aure ya ci gaba da yawo gari gari, ɗiyan da ya haifa daga baya su ma ya sa su cikin sana'ar. Ni wallahi na rasa yadda zan ɗauki mutumin. Jarumi ne da ya kamata ƙanena ya rubuta shi da alfahari, ko kuwa uba ne da ya fifita kuɗin ƴan kallo bisa ran iyalinshi? Yaro ƙarami ka ɗora shi bisa igiya don a tafa maka, wannan gado za a ce da shi ko zalunci? Don Allah wanda ya san labarin da kyau ya warware mana.

Mushe_mai_ritaya:

Wa alaikumus salam ɗana. Labarin gaskiya ne, kuma ƙanenka ya zaɓi mutumin da ya cancanci a rubuta. Bari in ba ka abin da na sani, in ya yi tsawo ka yi haƙuri.

Sunansa na yanka William Darby, Pablo Fanque sunan wasa ne. An haife shi a garin Norwich da ke gabashin Ingila a 1810, haka rajistar haihuwa ta nuna, ko da yake a kan dutsen kabarinsa an rubuta ya rasu yana da shekara 75, shi ya sa za ka ga wasu na cewa 1796. Gidansu talakawa ne. Yana ɗan shekara 11 aka miƙa shi koyon sana'a hannun wani mai sirk da ake kira William Batty, kuma ranar 26 ga Disamba 1821 ya fara fitowa gaban jama'a a nan Norwich, yana hawan doki da tafiya kan igiya. Don ka gane zamanin, shekarun nan ne Ɗan Kasawa da Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi suke ta faman kafa Maraɗin da muke zaune ciki yau.

Game da bauta, shi ɗa ne aka haife shi, ba bawa ba, a cikin Ingila, ba a gonakin tsibiran Karibiyan ba. Ingila ta hana fataucin bayi a 1807, dokar ƴanta bayin da ke ƙasashen da take mulka kuma ta fito a 1833, Amurka kuwa sai 1865. Ke nan lokacin da yaron nan yake koyon tsayuwa kan doki akwai masu irin fatarsa cikin sarƙa a Jamaika ƙarƙashin tutar ƙasar da aka haife shi. Kar ka ɗauka babu wariya a inda yake, akwai ta, ko jaridar Illustrated London News da ta yabe shi a 1847 sai da ta ambaci launin fatarsa. Amma sana'ar sirk tana da wani abu guda da ya taimake shi: ba a tambayarka ɗan wa kake, ko dai ka iya tsayawa kan doki yana sukuwa ko ba ka iya ba, kuma dubban idanu ne shaida. Shi kuwa ya iya fiye da kusan kowa. Ya yi aiki wajen Andrew Ducrow wanda shi ne gwanin mahaya na lokacin, ya sake komawa wajen Batty, sai da ya shekara ashirin yana yi wa wasu aiki kafin ya buɗe nasa a 1841 da dawaki ƙalilan. Wannan shekara ashirin ɗin ita ce amsar tambayarka ta farko a ganina, ba sa'a ba ce ta dare ɗaya.

Kuma ya san inda kasuwarsa take. Ya fi yawo a arewacin Ingila, Lancashire da Yorkshire, garuruwan masaƙu irin su Manchester, Bolton, Rochdale, Leeds, inda leburori ke fitowa daga aiki a gajiye suna neman abin da zai ɗebe musu kewa, har Sikotilan da Ailan ya kai wasansa. Kimanin shekara talatin gidan nasa yana tafiya.

Takardar da ƙanenka ya nuna maka ta wasan Rochdale ce, 14 ga Fabrairu 1843. Daren ajo ne aka shirya wa wani ɗan wasansa mai suna William Kite, kamar dai yadda ake yi wa makaɗi ajo a nan, abin da aka samu a daren rabonsa ne. A sana'ar da babu fansho babu inshora, ranar da ƙafarka ta karye abincinka ya tsaya, wannan ajon shi ne madogarar ɗan wasa, kuma an san Pablo da yawan shirya wa mutanensa. A 1967 wani shahararren mawaƙin Ingila, John Lennon, ya sayi takardar a wani shagon tsofaffin kaya ya sa sunan Pablo cikin wata waƙa ta ƙungiyarsu ta mawaƙa da ake kira Beatles, dalilin da ya sa hotonta ke yawo a intanet har yau ke nan.

Sai maganar matar. Sunanta Susannah Marlaw, ɗiyar wani mai yin maɓalli ce daga Birmingham, suna da ƴaƴa maza biyu, William da Lionel. Daren Asabar 18 ga Maris 1848 suna wasa a Leeds, wani wuri da ake kira King Charles Croft, ginin na katako ne, ɗansu yana kan igiya, sai benen ƴan kallo ya rufta da mutum wajen 600. Ita tana wurin karɓar kuɗin shiga, katakai masu nauyi suka same ta a kai. Mijin ya kai ta wani otal da ke kusa, likita ya duba ya ce rai ya yi halinsa. Duk cikin taron nan ita kaɗai ta rasu. A watan Yuni na shekarar ya auri Elizabeth Corker, mai hawan doki ce ita ma, shekararta 22. Wannan shi ne abin da ya faru, hukunci kuma bari in ji na sauran jama'a tukuna.

Uwar_biyu:

Mushe Allah ya ƙara ilimi, mun gode. Ni tun da na karanta wurin nan na ita kaɗai ta rasu jikina ya yi sanyi.

Ƙanena ɗan Mokoyo, ni maganar auren ba ta dame ni ba ko kaɗan, ka cire ta daga cikin laifinshi. Mu nan Maraɗi magidanci nawa ne matarshi ke rasuwa ana yin sadakar arba'in dangi su fara nema mishi wata, musamman in akwai yara? Balle mutumin da gidanshi bisa hanya yake, yau wannan gari jibi wancan, ga dawaki ga ma'aikata ga yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya rasa uwa, wa zai riƙa mishi? Wannan ba rashin ƙauna ba ne.

Abin da ya tsaya mini shi ne yaron da ke bisa igiya. Ku yi tunani, yana can sama an koya mishi kar ya kalli ƙasa kar ya saurari ihun mutane, sai ya ji ƙarar katako da kururuwa, ya sauko a ce mishi innarka ce. Sannan bayan kwanaki dole a koma wasa don dawaki ba su san makoki ba sai sun ci, ma'aikata sai an biya su. Wa ya tambayi yaron nan ko zuciyarshi za ta iya? Ni aikin ungozoma nake a likita, na ga yaran da suka ga abin tashin hankali da idonsu, wani sai ya daina magana wani ya koma fitsarin kwance, kuma manya sai su ce ai yaro ne zai manta. Ba ya mantawa.

Kuma ku duba, sunan da ke jikin takarda na miji ne da manyan baƙaƙe, ita kuwa da ke zaune tana karɓar kuɗi tana lissafi, ba don ta mutu a wurin ba da ko sunanta ba za mu ji ba. Matan gidajen nan su ne ke ɗinka kayan wasa su dafa abinci su yi goyo su riƙe jakar kuɗi, wasu kuma su hau igiyar da kansu. Na taɓa karanta labarin wata Selina Powell, a 1863 a Aston Park da ke Birmingham ta hau igiya gaban taron jama'a tana da tsohon ciki, igiyar ta tsinke ta faɗo ta mutu nan take, har Sarauniya Biktoriya ta sa aka rubuta wa magajin garin takardar nuna ɓacin rai. Mace mai tsohon ciki fa! Ni da nake hana mata ɗaukar tulu a wata na takwas. Babu macen da za ta yi haka don sha'awa, yunwar gida ce ta hau da ita.

Don haka ni amsata, jarumi ne a sana'arshi ban musa ba, kuma ina jin daɗi baƙar fata ya kai nan. Amma maganar yara ba zan kira ta gado in yi shiru ba. Babba in ya hau igiya ya san abin da ya saya, yaro ɗan shekara bakwai ko goma ba shi da bakin cewa baba ba na so.

Jikan_gardi:

Hajiya Allah shi saka da alheri, maganarki akwai gaskiya ciki amma ki bari in hwaɗi tawa, don ni cikin irin gidan ga na tashi. Kakana na wajen uba gardi ne, mai wasa da kura da maciji, daga wani ƙauye kudu da Maraɗi wajen hanyar Madarumfa. Ba mu da dawaki ba mu da gidan katako amma da Mushe ke bayani sai na riƙa ganin gidanmu.

Damana ana gona kamar kowa. Da an gama girbi an sa hatsi rumbu sai a ɗaure kaya, shi da ƙannenshi biyu da makaɗi da kakata da yara, a bi kasuwanni da ƙahwa, ran Litinin ko Juma'a a ci kasuwar Maraɗi, a wuce Tibiri, wani zubin har a ƙetare Jibiya a shiga ƙasar Katsina, ba a dawowa sai sama ta fara haɗa hadari. Kura na da takunkumi na igiya da anka saƙa mai kauri da sarƙa a wuya, shi kuma ya ɗaura warki da ƙararrawa da layu jere a damtse, kulki a hannu, in ganga ta yi zahi ya ja sarƙa kura ta yi tsalle jama'a su watse su sake dawowa. Kakata ita ke zagayawa da faifai tana karɓar dala dala, ita ke sayar da ƙullin magani, kuma kuɗin duka cikin lalitarta suke kwana, shi ko sisi ba ya riƙewa. Abin da mutane ba su sani ba, in an tashi wasa wurin mahauta ake fara zuwa a sayi ƙashi da kayan ciki, sai kura ta ci sannan a yi zancen tuwon yara, don kura mai yunwa ba a kwana kusa da ita, kuma in ta mutu abincin gida duka ya mutu. Shi ya sa da kinka ce dawaki ba su san makoki ba na ce wannan baiwar Allah ta gane.

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ake ɗorawa bisa bayan kura tun tana ƴar shekara shida. Nan ne kuɗi ke zuba, don mutane sun saba ganin gardi da kura amma yarinya ƙarama da ɗan kitsonta zaune bisa kura tana dariya, kowa sai ya sa hannu aljihu. Tana nan da ranta, akwai tabo a ƙaurinta na dama inda farce ya same ta wata rana da anka yi sakaci wajen sauke ta, kakana ya wanke da ruwan magani ya ɗaure da tsumma, kasuwa ta gaba anka sake ɗora ta.

To ga inda na saɓa da ke Hajiya. Kakana ba mugu ba ne, shina son ɗiyar nan hiye da kowa cikin gidan, ita ke cin nama kahin maza. Shi abin da ya gada ke nan, ubanshi ya ɗora shi shi ma, kuma a ganinshi yaron da ya saba da kura tun ƙashinshi na ɗanye shi ne ba ta cuta, wanda ya zo da girma da tsoro a zuci shi take kamawa. Haka mahauta ke koya ma ɗiyansu hawan ƙaho, haka ɗan kokowa ke fara kai ɗanshi fage tun bai iya ɗaura wando ba. Irin aikin ga ba a koyonshi da gemu. In Pablo bai hau doki da shekara 11 ba da yau ba mu zancenshi. Kuma ki tambayi kanki, yaron talaka a Ingila lokacin in bai shiga wasa ba ina za shi? Ba lakwal za a kai shi ba ai.

Ni abin da na ɗora ma laihi shi ne ƴan kallo, mu ke nan. Ba a taɓa ba kakana kuɗi da yawa don kura ta kwanta lahiya ba, sai in ta yi kamar za ta kubce. Mu ne muke sayen hatsarin, sannan in abu ya faru mu ce uban ba shi da imani.

baƙo_daga_Tibiri:

Salamu alaikum. Ni dai ina kiwon doki kuma ina hawan salla, tambayata ga Mushe, wai da gaske mutum na tsayuwa da ƙahwa bisa doki shina gudu ba sirdi ba likkafa? Ni na gwada bisa nawa shina tsaye ma da ƙyar. Yaya suke yi? Kuma wane irin doki ne gare shi?

Mushe_mai_ritaya:

Malam na Tibiri, da gaske ne, kuma sirrin yana cikin filin. Wanda ya fara wannan tsari wani tsohon sojan doki ne, Philip Astley, a Landan a 1768. Filin zagayayye ne, faɗinsa wajen mita 13, kuma har yau haka ake yin sa a ko'ina. In doki yana zagaye a irin wannan da'ira da gudu iri ɗaya ba ƙari ba ragi, yakan ɗan kwanta ciki, mahayin ma ya karkata ciki, sai juyin da kansa ya riƙa danna ƙafarsa kan bayan dokin. A miƙaƙƙiyar hanya irin ta sukuwa abin ya fi wuya nesa ba kusa ba. Sannan dawaki masu faɗin baya da sanyin hali ake zaɓa, wani na tsaye a tsakiya da doguwar bulala yana daidaita musu gudu. Don Allah kar ka gwada a kan dokin salla da ya saba da zabura. Shi Pablo an fi saninsa da horar da doki ya taka rawa daidai da kiɗa, akwai wata baƙar goɗiya da ake kira Beda, da ita ya yi wasa a gidan Astley a Landan a 1847 har aka buga zanensu a jarida.

Jikan gardi, tambayarka ta ina yaron talaka zai je tana da amsa, kuma ba mai daɗi ba. Sai a 1833 aka yi dokar hana sa yaro ƙasa da shekara 9 aiki a masaƙa, sai a 1842 aka hana shigar da yaro ƙasa da shekara 10 ramin haƙar kwal. Ke nan lokacin da aka miƙa William ga Batty, sa'o'insa suna ƙarƙashin injin saƙa suna tsintar auduga ko cikin rami suna jan kwal. Wanda ya samu ubangida mai koya masa sana'a yana ciyar da shi, a idon iyayensa ya dace.

Amma Hajiya ma ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, tun a lokacin akwai masu faɗa. Blondin, Bafaranshen da ya ƙetare kwazazzabon Niagara kan igiya a 1859, da ya zo Landan a 1861 ya sa ɗiyarsa ƴar shekara biyar cikin baro ya tura ta kan igiya a wani katafaren zauren taro da ake kira Crystal Palace, mutane suka yi ca har gwamnati ta hana shi maimaitawa. A hankali surutun ya yi yawa, a 1879 majalisar Ingila ta yi dokar hana sa yaro ƙasa da shekara 14 cikin wasa mai hatsari ga rai ko gaɓoɓi. Pablo bai ga wannan doka ba.

Ƙarshensa bai zo da dukiya ba. Ya rasu ranar 4 ga Mayu 1871 a wani masauki da ake kira Britannia Inn a garin Stockport, ciwon ƙirji ne ya kashe shi, zamanin Ɗan Baskore na sarautar Maraɗi. Ƴaƴan da Elizabeth ta haifa masa, George da Edward da ake kira Ted, su ma sun shiga wasan, Ted har dambe ya yi. Akwai kuma ɗiya mace da ta rasu tana jaririya, kuma cikin sunayenta akwai Susannah. Ɗana na Mokoyo ka lura da wannan, mutum ya sa wa ɗiyar amarya sunan marigayiya. Gawarsa kuma ba a bar ta Stockport ba, Leeds aka kai ta da ƴan badujala a gaba, ana jaye da dokinsa a baya, jama'a cike da titi, aka binne shi a maƙabartar Woodhouse wuri ɗaya da Susannah bayan shekara 23. Wurin yanzu yana cikin harabar jami'ar Leeds, dutsen kabarin na nan. Ni a nawa ganin ƙanenka ya rubuta shi da alfahari, amma ya sa sunan Susannah da ranar da ta rasu da yadda ta rasu, ya kuma faɗi shekarun da aka fara ɗora yaran, kar ya ɓoye ko ɗaya.

Uwar_biyu:

Mushe wannan na sunan ɗiyar ya taɓa ni wallahi, Allah sarki. Jikan gardi na ji maganarka kuma ban ce kakanka mugu ne ba, na yarda yana son ta. Amma so bai hana farce shiga ƙaurinta ba. Tun da gwaggonka na da rai ita ya kamata mu ji, ba ni ba ba kai ba. Ita me take cewa? Kuma nata ƴaƴan ta bari an ɗora su?

Jikan_gardi:

Hajiya na kira ta jiya da dare bayan isha'i na karanta mata abin da kunka rubuta. Ta ce ita lokacin daɗi take ji, ana tafa mata ana ba ta alewa da ƙuli, ƙawayenta na ƙauye na tsoronta, tsoro bai shige ta ba sai bayan da ta ji ciwo, daga nan kullum za a ɗora ta sai cikinta ya murɗa amma ba ta taɓa gaya ma babanta ba don kar ranshi ya ɓaci. Kakata ce ta lura ta ce a bari haka nan, tana wajen shekara goma anka daina. Nata ɗiyan ko ɗaya ba ta bari ya kusanci kura ba, ko da ƙanen kakana ya zo neman ɗanta na fari ta hana, har sunka yi shekara ba su gaisawa. Babana ma bai riƙe sana'ar ba, gyaran mota ya koya a tasha, yanzu cikin danginmu saura mutum ɗaya mai maciji kuma shi kaɗai yake yawonshi ba yara. Ta ce in tambayi Mushe yaron nan da ke bisa igiya daren da uwarshi ta rasu shekararshi nawa, kuma ɗan Mokoyo in ƙanenka na son jin yadda ake rayuwar yawon wasa daga bakin wadda ta yi, ka kawo shi ran Lahadi da hantsi, tana gida ba ta zuwa ko'ina.